Aljihun Hagu

Shekara talatin ina ɗinka aljihu a Dilimi,
na gefe, na ƙirji, na ɓoye a cikin 'yar shara,
ban taɓa ɗinka wanda mai riga bai nema ba.
Sai ga hanjina ya koyi sana'ar a bayan idona,
ya jera nasa ƙanana, ba awo, ba alli,
can ƙasan cibiya, ta hannun hagu.

Karon farko na ce wake ne.
Na biyu na ɗora wa sanyin Jos.
Na uku Lantana ta tsayar da mai napep da tsakar dare,
muka kama hanyar Lamingo, kowane rami sai na ji shi a ciki.
Kwana shida ruwa na ɗiga a jijiyata,
kaftanin wani ango na kan teburi, wuya rabi.

Likita Nanret ta zana hanjin a bayan katina.
Ta ce, daga nan zuwa nan, kamar taƙi guda,
a yanke, a haɗa baki da baki.
Na ce, ai wannan aikina ne, likita,
sai dai ni yadina ba ya jini.
Ta yi dariya, sannan ta daina.
In ka zo da ƙafarka, a natse za mu yi.
In ya fashe aka kawo ka ranga-ranga,
wataƙila ka farka da jaka a gefen ciki.
Amma yana iya yin shiru shekaru,
kuma ɗinkinmu ma ba ya rasa ranar tsautsayi.
Na ce, to yaushe?
Ta rufe biro.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A kan benci Madam Kachollom, malamar firamare daga Bukur,
ta ce ita a karo na biyu ta sa hannu,
ta gaji da ƙirga bayi a duk hanyar da za ta bi.
Baba Tanimu mai gwanjo ya ɗaga yatsu shida,
ya ce shida, kuma ga shi yana tauna goro,
wuƙa sai ranar da ƙofofi suka ƙare.
Na duba fuskar kowannensu
ban ga maƙaryaci ba.

Da dare na bar ƙirga kwanciyar asibiti,
na koma ƙirga abin da ciwon ya karɓe ba da shawarata ba:
zuwa Kwari saro yadi,
tsiren bakin Tamino da na koma gaisarwa daga nesa,
sunan jikata a Bauchi da na aika da uzuri.
Sai tsoron jakar nan ya zo ya zauna kusa da buta,
yana tambayata yadda zan riƙe alwala.

Sallah saura mako bakwai.
Sabitu har yanzu bai iya fitar da wuya ba.
Kuɗin adashe sai watan gobe.

Da safe na ɗauki allin awo,
na rubuta rana a bangon shago, bayan Sallah da kwana goma.
Lantana ta karanta, ta ce, me ya hana ka biro?
Na ce, bar shi haka tukuna.
Na taka keke.