Mai Saye

Barau dillali ya riga ni isa,
makullai na kuka a aljihun kaftaninsa.
Ban faɗa masa sunan ubana ba.
Na ce gida nake nema a Malali,
layin da darbejiya ta haɗe kai ta rufe kwalta.

"Ranka ya daɗe, ka zo a sa'a.
Gida ne shi kaɗai a tsakiyar filinsa,
bai jingina da bangon kowa ba.
Ɗaki huɗu, falo biyu,
tayil tun daga ƙofa har bayi,
kwanon rufin ko damina ɗaya bai sha ba."

Na ɗaga kai.
Silin fari fat, an jera masa ƙananan fitilu.
A daidai nan muke girka bahon roba
duk daren Agusta,
ɗis, ɗis,
mu yi ta ƙirge har barci ya sace mu.

"Duba kicin, famfo har da na ruwan zafi."
Na duba.
Na nemi baƙin da rishon Inna ya bari a kusurwa,
shekara talatin na miyar kuka da ɗumame.
An kankare.
Mai aikin ya iya aikinsa, Allah ya biya shi.

A ƙofar ɗakin tsakiya na tsaya ɗaure takalmi,
alhali silifas ne a ƙafata.
Nan Baba ke auna tsawonmu kowace Sallah
da guntun fensir daga bayan kunnensa:
Tanimu, Asabe, Ladidi, ni.
Fenti ya shanye fensirin,
amma yatsana ya samu tsagar ƙusa
inda Tanimu ya ƙara wa kansa tsawo a ɓoye.

Ba na zargin kowa.
Mu tara ne magada,
gida kuma ba tsire ba ne a yanka kowa ya ɗauki nasa.
Da hannuna na sa hannu,
daga Fatakwal na turo kason kuɗin siminti.
Ni ma na ce a gyara, zai fi daraja.
Ya kuwa yi darajar
har ya daina gane ni.

A bayan gida mangwaron na nan,
wanda Baba ya dasa ranar da masaƙar Kakuri ta sallame su.
"In ya tare maka wuri, a sare,
mota uku za ta shiga."
Na ce, "Bar shi!"
Muryar ta fi ta mai saye ƙarfi.
Barau ya yi dariya, ya ce ai zance ne.

Da za mu fita, get ya ƙi rufuwa.
Sabon fenti, tsohon hali.
Ya tura, ya sake turawa, gumi na bin wuyansa.
Na ce, "Ɗaga shi sama kaɗan,
sannan ka danna da gwiwa."
Ƙarfe ya faɗa gurbinsa, ƙwas.

Ya dube ni, ya daɗe.
"Alhaji ya taɓa zuwa nan ne?"

Na ce, "Nawa ka ce kuɗin?"
Ya faɗa.
Na raba tara a zuciyata, na ga nawa kason:
daga bahon roba zuwa bakin taga, watakila.

Na ce zan yi shawara.
Na tari Keke a bakin titi,
ɗanyen mangwaro ɗaya a aljihuna,
wanda ban biya ba.