Haƙoran Famfara

Yau ma ruwa ake yi a Bergen,
ruwan da ba ya sallama.
Na miƙa wa Eilif makullin ɗakin sanyi,
na ce ya kula da firji na huɗu, mai gardama ne,
in wuta ta ɗauke shi ke fara gumi.

Shekara talatin da ɗaya, ni Torunn Haugsvik,
ina ƙirga 'ya'yan da ban haifa ba.
Iyaye na aiko mini haƙoran famfara a ambulan,
wani a naɗe da auduga, wani tsirara.
Wata uwa daga Alta ta rubuta a baya:
a cikin tuffa ya maƙale, ran Talata, bai yi kuka ba.
Haƙori ba ya mantuwa.
Yanka shi siriri kamar ɓawon albasa,
za ka ga zobba irin na kututture:
nan dalma ta ratsa, nan tutiya ta yi ƙaranci,
ga layin ranar da aka haife shi.

Na bi hayaƙin mota titi-titi a kan taswira.
Na tambayi mata dubbai abin da suka ci a wata na uku,
kifin wane teku, wane magani, zazzaɓin kwana nawa,
shekarun uban yaron nawa.
Na jera tagwaye a takarda.
Gado ya yi magana da babbar murya
amma ba da baki ɗaya ba,
ɗaruruwan ƙwayoyin halitta, kowace da ɗan cokalinta
a tukunyar da ba a san wa ya ɗora ba.

Sau ɗaya na ɗauka na kama bakin zaren.
Shekara shida ina bin wani sinadari a ruwan sha,
da na ƙara yara dubu arba'in a lissafi
sai ya narke kamar ƙanƙarar Mayu.
Na buga hakan ma. Ba wanda ya tafa.

Ba na faɗa a taro, amma Arnfinn ne ya kawo ni.
Ƙanena, a tsibirin Fedje,
mai jera duwatsun gaɓa daga ƙarami zuwa babba,
ranar da igiya ta rushe masa, gidanmu ba barci.
Tun kafin kalmar otizim ta iso tsibirinmu
wani likita ya ce wa mahaifiyarmu zuciyarta ce da sanyi.
Ita da ke gasa masa safa a kan murhu
don ba ya yarda da sanyin ulu a ƙafa!
Da maganar nan aka binne ta.

Shi ya sa duk uwar da ta tare ni a bakin ƙofa
ta ce, laifina ne?
nakan aje jakata tukuna.
Ma'aunina na auna taro ne, ba ya auna ɗa guda,
amma sanyin zuciya na neme shi layi-layi,
babu shi.

A Tromsø wani saurayi ya miƙe, bai dubi idona ba,
ya ce, kina neman dalili ne don irina su daina zuwa?
Amsar da na ba shi ba ta ƙoshe ni ba.
Daga shekarar na ƙara tambayoyi a takarda:
barci, farfaɗiya, aikin yi,
da wa zai riƙe hannu in iyaye sun kau.

Da yamma na hau jirgin ruwa.
Arnfinn na bakin gada, furfura ta cinye gemu.
Bai ce sannu ba. Ya ce, minti huɗu kuka makara.
Na ciro dutsen da na tsinta a harabar ofis.
Ya juya shi, ya auna a tafin hannu,
ya daɗe,
sannan ya matsar da na goma sha bakwai
ya yi masa wuri.