Faifai Huɗu a Tawa

An tashi aiki. Nomau mai gadi ya turo ƙofar meri,
ya bar ni da fanka mai gurnani
da akwatin ƙarfe, cikinsa a buɗe kamar ragon layya.

Bara katin da ke kiwon faifan nan ya ƙone.
Shi kaɗai ya san yadda ya jera su,
ya tafi da sirrinsa.
Wata biyu muna jiran irinsa daga Yamai,
mata na zuwa neman takardar haihuwar ƴaƴansu,
mu ce gobe,
gobe ta zo mu ce jibi.

Bana na ce ba ni ƙara ba kati amana.
Linux ta yi kiwon da kanta,
ta rubuta wa kowane faifai asalinsa a goshi,
ko wace na'ura aka kai su, su gane juna.

Uku na aiki, na huɗu na zaune, ko-ta-kwana.
Lissafin bai wuce na Inna Hassu mai awon gero ba:
wannan ya riƙe tiya huɗu,
wancan ya riƙe biyar,
na uku ya riƙe tara a kai.
In mai biyar ya faɗi rijiya,
cire huɗu daga tara, ga geronka.
Kuma riƙon jimlar zagayawa yake,
kamar kwasar adashi.

Na buga umarni, na sake karanta shi sau uku.
Harafi guda in ya kauce,
na share haihuwar rabin gari.

Sai jira.
Kashi tara cikin ɗari. Sha ɗaya.
Kuran ya ɗauke wajen ƙarfe ɗaya,
baturi ya kama tsuwa kamar ɗan tsako a rana,
ina ƙirga mintocinsa da tasbaha.
Ya dawo. Arba'in da shida.

Da asuba allo ya nuna U uku a jere,
ƙorai uku, kowace a cike.
Na miƙa hannu na zare faifai guda da gangan.
Ƙwarya ɗaya ta kife.
Na huɗu ya miƙe ba a kira shi ba.

Nomau ya shigo da shayi, ya leƙa.
Ya ce, to nemo mini Haulatu,
ran kasuwa aka haife ta, shekarar fara.
Na nema, faifan da na zare na hannuna da ɗuminsa.
Ga ta. Lahadi. Sunan uwarta daidai.
Ya daɗe yana kallon rubutun da bai iya karantawa.

Amma ni ɗan Adar ne, na ga gobara:
rumbu uku a gida guda, wuta ba ta ƙirga su.
Na kwafe komai a ƙaramin faifai,
na naɗe shi a rawani,
na tayar da babur,
zan kai shi ajiya can ƙetaren gari
kafin layin mata ya kai bakin titi.