Hayar Amalanke

Shekara tara ina yi wa na'urar nan fifita
a ofishin masu riɗi na Maigatari.
Janareto na shan mai ko tiya ba a auna ba.
Ran da ɓera ya ci waya
bashin mutum arba'in ya ɓace.

Hurera 'yar Gambo ta kwashe lissafin, ta kai gajimare.
"Hayar amalanke ce, Baba:
in da kaya ta zo, ka biya;
in babu, ba kai ke ciyar da shanun ba."

Ɗakin yanzu albasa ke ciki.
Amma in hadari ya haɗo daga gabas
nakan ɗaga kai,
ko buhuna goma sha biyu na can.