Kunyar da Ke Tsakaninmu

Shekara biyu ban haɗa benci da Barnaba ba.
In ya shigo ta ƙofar gabas, ta yamma nake fita,
a kan kunya ɗaya tak, gindin ɗorawar kakanmu,
wadda faɗinta bai kai tabarmar yaro ba.
Ko ran Jibin Ubangiji, in shi ke zagawa da ƙoƙo,
sai in sunkuya kamar mai dogon roƙo
har inuwarsa ta wuce ni.

Sai ga watan huɗu.
Ruwan fari ya sauka a Kurmin Musa,
ƙasa ta buɗe baki tana jiran citta,
ni kuwa babur ya watsar da ni a kwanar kasuwa.
Mai ɗori ya shafa, ya ja, ya ce wata uku.
Ina kwance, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta taga,
iri na tsiro cikin buhu a lungun ɗaki,
Afiniki na lissafin 'yan ƙodago da yatsu,
kuɗin na ƙarewa tun yatsun ba su ƙare ba.

Ban gaya wa kowa ba.
Wanda ya rufe ƙofa da hannunsa,
da wane baki zai ce ba a leƙo shi ba?

Asabar, zakara bai gama gyaran murya ba,
na ji ƙarar fartanya tana gaisawa da fartanya.
Mama Bilhatu ce a gaba, ɗankwalin zumunta a ka,
bayanta mata goma sha ɗaya da tukunyar faten acca,
'yan kwaya sun ɗauko dammunan ganyen rufi,
Zakka, da ido ɗaya ya rage masa, ya ce
hannu ba ya buƙatar ido ya san ƙasar ɗan'uwa.
Ba wanda ya shigo ya yi mini wa'azi.
Buhunan kawai suka saɓa, suka ce, kwanta abinka.

Da azahar ɗana ya dawo da gudu, ƙafa duk laka:
Baba, har da Baba Barnaba!
Shi ya ja layin farko, shi ya kai gindin ɗorawa,
irinmu ya ƙare, ya aika gidansa aka kawo nasa,
ya shuka kunyar nan, ya rufe ta da ganye,
ya ce a bar ta haka, ƙasa ba ta san sunan kowa ba.

Na juya fuska bango.
Karayar ƙafa da sauƙi, ana ɗaure ta da kara;
wannan da ta karye a ƙirjina
ba mai ɗorin da zan kira.
Ashe kunya biyu ce tsakaninmu:
ɗaya a gona, ɗaya a wuyana.

Da yamma ya tsaya a bakin zaure, bai shigo ba,
yana kakkaɓe ƙasa daga wandonsa.
Ya jiki? ya ce. Da sauƙi, na ce.
Shiru ya zauna tsakaninmu kamar baƙo.
Sai Afiniki ta miƙo kunu a kwano ɗaya,
ta ce sauran kwanukan duk suna gona.
Ƙarya take, na san inda take kife su.
Ya kurɓa, ya miƙo. Na kurɓa.

Lahadin da na fara taka ƙasa da sanda,
na tarar ya matsa, ya bar mini bakin benci
inda ƙafa za ta samu wurin miƙewa.
Da ƙoƙon ya iso, ban sunkuya ba.

Cittar kunyar nan ta yi buhu guda da rabi.
Mun tsaga ta tare, mun shanya a kan dutse,
mun kai wa matar marigayi Tanko kafin Kirsimeti.
Har yau ba mu yanke ko ta waye ba.
Bana ma ruwa ya kusa.