'Yan Kunnuwa

Ran Talata Dakta Lorusso ya juyo min hoton,
ya ce, "Nunziata, duba, hanjinki ke nan.
Kamata ya yi a ga gashi-gashi kamar sabon tawul,
ga shi sumul kamar dutsen bakin teku."
Ya kira sunan cutar: siliyak.
Ba ƙwaya, ba allura.
A bar alkama, a bar sha'ir, har ƙarshen numfashi.

Na yi dariya. A Bari fa muke!
A lungunmu, kafin rana ta taɓa hasumiyar coci
mata sun jera tebura a ƙofar gida,
a murza ƙullu, a ja shi da bakin wuƙa,
a kifa shi kan babban yatsa,
ya fito taliyar da muke kira 'yan kunnuwa.
Shekara hamsin Addolorata, uwata, na wannan tebur.
Shatin yatsanta na cikin duk lomar da ta raine ni.

Shekara tara ina kumburi, jini ya ƙi cika,
ana cewa damuwa ce, ana cewa ban iya hutu ba.
Ashe ɓarawon a gida yake kwana,
cikin kwanon da na fi so.

Da na faɗa mata, ba ta ce uffan ba.
Ta kaɗe hannu, gari ya tashi a hasken taga,
sai na ja da baya.
Ni, daga hannun uwata.
Ta kuwa gani.

Na koma koyon karatu da furfura a kaina,
tabarau a hanci, ina bin ƙananan haruffa a kanti,
don alkama munafuka ce:
tana cikin miyar gwangwani, tana cikin alewa,
tana laɓe inda ba wanda ya gayyace ta.
Na sayi rariya ja, tawa ni kaɗai,
na rubuta sunana a ludayi kamar 'yar firamare.
Burodin da aka ce namu ne, ga tsada,
ga marmashewa kamar alkawarin ɗan takara.

Sau ɗaya Saverio ya manta
ya tsoma burodinsa a man zaitun ɗina.
Kwana uku ina dunƙule kamar bushiya,
shi yana bakin gado yana tsine wa ɓarɓashi.
Ran Lahadi, in layi ya kai gaban Fada Oronzo,
kowa ya miƙa tafin hannu,
ni sai in kauce gefe, wajen ɗan ƙoƙon da ya keɓe min.

Amma teku bai san alkama ba.
Akwai kifi, akwai dankali da shinkafa a tanda,
akwai dakakken wake da ganye mai ɗaci
wanda da muke rainawa, wai cimar talaka.
Wata na huɗu na hau matakala arba'in da biyu
ban tsaya ko sau ɗaya ba.
A sama na tsaya, don mamaki.

Daren nan na ga fitila a ɗakin girkinta.
Sabon katako, ko tabo babu,
garin shinkafa, garin masara,
ƙullu mai taurin kai da ba ya jin lallashi.
Ta ja, ya tsage. Ta danna, ya fashe.
Zubi shida ta watsa wa tsuntsayen teku,
tana musu faɗa kamar su suka jawo.

Na bakwai ta ajiye a gabana:
kunnuwa karkatattu, wasu da tsaga a baki.
"Kurame ne," ta ce, "amma ci."

Ba zan yi ƙarya ba, ɗanɗanon ba ɗaya ba ne.
Na ɗauki guda na ɗaga wajen fitila,
ga shatin yatsan nan a ciki,
bai canza ba ko kaɗan.