Inda Mai Ya Ci Na Ɗaya

Balangun ɗari biyar na saya a bakin tashar Mafara,
Makau ya naɗe mini shi a fallen wata mujalla.
Na ci nama, na lashe yaji, har zan yar da takarda
sai idona ya faɗa kan hoton kofin zinariya,
a ƙasansa an jero gwarazan wasannin bana,
na kan tebur da na gem, daga goma zuwa ɗaya.

Banarsu dai. Ban san ko wace bana ba ce,
gefen kwanan wata ya tafi da tsiren wani.

Na kai ta shagona, inda talabijin uku
ke jiran janareto ya yi tari ya farka.
Lauwali ɗan aji biyar, shi ne mai Turancinmu,
ya miƙe ya karanta kamar sanƙira:
na goma, manomi mai shuka a duniyar wata;
na bakwai, fataken gishiri da jiragen kwali;
na huɗu, wata yarinya da fitila a gidan dodanni;
na biyu, ƙwallo.
Nan shago ya ɗauki ihu,
don ita ke cinye musu kuɗin tara.

Na ɗaya fa?

Lauwali ya ɗaga takarda ya haska ta da rana.
Kitsen rago ya zauna daram a kan sunan,
baƙaƙen sun narke, ko wasali bai tsira ba.

Zayyanu ya rantse tseren mota ne.
Wani ya ce harbi. Wani ya ce ƙarya kake.
Asabe mai awara, ba wanda ya tambaye ta,
ta ce in ba lido ba ne alƙalan sun ci hanci.

Tsallaken titi, gindin durumi,
Baba Hantsi na gyara gurabunsa da yatsa,
talatin cif, ruwan jiya ya cike su da yashi.
Ya ce a kawo ya gani.
Bai iya boko ba, sai ya sansana ta.
"Ragon Makau ne wannan, na san kitsensa.
Su wa suka zauna suka yanke?
Sun zo nan ranar Talata
sun ga yadda na tsare Na'Allah da kara uku
har ya manta da akuyar da ya zo sayarwa?"

Na'Allah ya rasu da damina.
Duwatsunsa goma sha biyu na cikin gwangwanin madara,
kullum Baba na fito da su, kullum yana mayarwa.
Kofinsu, in ji shi, goro ne ɗaya,
wanda aka ci ya saya, wanda ya ci ya raba biyu.

La'asar sakaliya janareto ya shaƙe.
Mai ya ci na ɗaya, mai kuma ya ƙare mana,
ana tsakiyar fanareti.
Yara suka watse suna tsaki,
biyu suka tsallaka, ni ne na uku.
Ya zazzage mini gwangwanin a tafin hannu.
Ni da ke ba su ci biyar da hannu ɗaya,
sau uku tsoho ya share ni yana hamma.
Na sayi goro. Ya ba ni ɓari.

Fallen na manna shi a bango da ƙusa.
Da dare kiyashi suka bi ƙanshi,
suka cinye wurin man tas, suka bar sauran.
Yanzu daga goma zuwa biyu kowa na iya karantawa,
a saman kuwa rami ne, bai fi gurbin dara ba,
kowane yaro in ya shigo sai ya zura yatsa.

Makau na cewa in dawo baɗi,
wai yana da sauran mujallar a ƙarƙashin tire.